Rabon Tsuntsaye

Durba, Kibiya
14 ga Janairu, 2024

Ƙanwata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma Zariya lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda kike so. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Malam Uzairu yana nan yadda kika bar shi, ɓarin hagun bai motsa ba, amma bakinsa ya ɗan saki, jiya har ya ce miya ba gishiri. Yara suna gaishe ki. In kin yi waya Rano ki gaishe min da Innarki Jumai. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, amma dubi, sai da aikin fim ya kawo ki Durba muka san juna sosai.

Kada ki yi mamakin takarda. Wayoyi ukun da ƙungiyarku ta ba mu aro an zo an karɓe su ranar Talata, kamar yadda aka yi da mu. Wadda nake ara ta maƙwabciyata ce, ita kuwa in ta ba ka waya tare da kunnenta take ba ka. Shi ya sa na tono bokon da na bari a aji uku na sakandare. Ɗayyabu direba yana kai kayan gwari Zariya duk mako, shi zai riƙa kawo miki.

Ke dai kin ɓata mu. Mata goma sha ɗaya, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarmu ra'ayi ko kan miyar gobe, kin zo kin ɗora mana waya a hannu kin ce mu ɗauki rayuwarmu da kanmu. Ranar farko babban yatsana na ɗauka tun daga ƙofar gida har bakin rafi. Yanzu kuwa ko kaza na ga tana tono sai in ji na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, ina neman inda rana take don in ba ta baya. Iya Saude, tsohuwar da ta rantse ba za ta buɗe baki a gaban waya ba, ita ce yanzu take damuna da tambayar yaushe za a nuna ta. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin makonni shidan nan. Shekara tara ina bin gonakin mutane ina kala bayan sun kwashe amfaninsu, ban taɓa jin wanda ya kira abin sana'a ba sai ke.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wurare biyu nake so ki cire in kin zo tace fim ɗin. Na farko, ranar da kika ce kowa ta kawo abin da ta samu a kalar bana, muka tara a tsakar gidana, masara da dawa da shinkafa da waken suya, kika ƙirga buhu goma sha tara. Ni na riƙe wayar, na sani, har turmi na hau don tulin ya fito duka. Na biyu, inda muka ɗauki kanmu a gonar Alhaji Muntari. Ɗorawa biyun nan na bakin gonar sun fito sarai, duk wanda ya gani ya san gonar wane ce. Tun da kika tafi hankalina bai kwanta da wuraren nan ba. Ki cire su, sauran duk ki bari, har inda na yi tuntuɓe kwano ya kife, in dariya ake so.

Yayarki,
Hansatu

*

Zariya
3 ga Fabrairu, 2024

Yaya Hansatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai mura da ta ɗan taɓa ni, ita ma ta wuce. Na yi murna da jin Malam har ya fara ƙorafin gishiri, Allah ya ƙara masa sauƙi. Inna tana amsawa, ta ce ki turo mata Sadiqa hutu ta ga 'yarki. Bokonki kuwa bai yi tsatsa ba, sau uku na karanta ina dariya ni kaɗai a ɗaki.

Maganar cirewa, Yaya, na gane. Kunya ce, kuma na san ta, a jininmu take. Innata ko sabon zani ta ɗaura sai ta wuni a ɗaki. Amma tulin nan shi ne zuciyar fim ɗin. Minti goma sha takwas mai kallo yana ganin mata a duƙe suna tsintar ƙwaya ɗaɗɗaya, yana cewa a ransa me za a tara a haka, sai kawai tulin ya bayyana. Da na nuna wa malaminmu sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce a nan ne mai kallo zai daina jin tausayinku ya fara ganin girmanku, kuma abin da muka fito nema ke nan tun farko. Ke kika ɗauki wurin, hannunki ko rawa bai yi ba.

Gonar Alhaji Muntari kuma a can ne Iya Saude ta yi maganarta mafi kyau, hasken ma ya fi na ko'ina. Shi ai yabo ne a gare shi, duniya ta ga gonarsa tana ciyar da bayin Allah.

Na sa wa fim ɗin suna Rabon Tsuntsaye, don na ji Iya Saude ta faɗi haka. Ban gama gane abin da take nufi ba, sunan ne ya yi min daɗi. Za a nuna shi a Kano farkon Maris, a taron ƙungiya. In ya burge manya, na riga na sa baki a saya muku injin niƙa. Ki saki ranki, Yaya, wannan karon za a gan ku.

Ƙanwarki,
Zulaiha

*

Durba
18 ga Fabrairu, 2024

Zulai,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ba ta dawo ba. Mu lafiya, Malam da sauƙi.

Kin ce kunya. Matar da ta shekara tara a duƙe cikin gonakin mutane, wace kunya ta rage mata? Laifina ne da ban warware miki ba. Na ɗauka 'yar Rano ta sani, na manta ku 'yan cikin gari a buhu kuke fara ganin hatsi. To zauna ki ji.

Ba wanda ya taɓa ba mu izinin kala, ba kuma wanda ya taɓa hana mu, a tsakanin nan muke ci. In manomi ya kwashe amfaninsa, akwai kwana uku ko huɗu kafin a saki shanun Fulani su ci kara. Kwanakin nan namu ne. Muna shiga in mai gona ya tafi. In muka haɗu da shi a hanya, kwanukanmu a rufe suke da tsumma, shi kuma sai ya hango wani abu a sama wanda ya kamata ya duba. Ya gaishe mu, ya tambayi mai jiki, ya wuce. Alhaji Muntari shekara tara yana tambayata jikin Malam, bai taɓa sauke idonsa a kan kwanona ba. Na kuma san yana ce wa 'yan ƙwadagonsa kada su matsa wajen bugun shinkafa, a bar wa tsuntsaye nasu. Mu ne tsuntsayen, Zulai, abin da Iya Saude take nufi ke nan. Ya sani, mun san ya sani, amma ba a faɗa. Shi bai yi sadakar da za a zo a yi masa godiya ba, mu ba mu yi roƙon da za a goranta wa 'ya'yanmu ba.

Yanzu ki kalli tulin nan da idon manomi, ki ajiye idon malaminki mai tabarau. Buhu goma sha tara na gida goma sha ɗaya ne, daga gonaki sama da ashirin, kuma wata uku muka yi muna tsinta. Nawa ɗaya da rabi ne, mu bakwai a gida, da shi da ɗan aikatau za mu ja har damina. Amma a hoto tuli ɗaya ne a tsakar gida ɗaya. Wanda ya sha tsadar takin bana in ya ga wannan, ba girmanmu zai gani ba, asararsa zai gani.

Na kira ki ranar Juma'a da wayar maƙwabciya. Tana tsaye a kaina, mijinta kuwa ƙanin Alhaji ne, shi ya sa kika ji na ce gaisuwa ce kawai.

Ina roƙonki don zumuncin kakanninmu. In ba ya ciruwa, ku nuna abinku a Kano ku yi tafi, amma kada ya iso Kibiya. Injin niƙa ina so, sai dai ba ya niƙa abin da babu.

Hansatu

*

Zariya
25 ga Maris, 2024

Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum, ya ibada? Ina fatan azumi bai takura wa Malam ba, ko da yake na san ba za ki bar shi ya ɗauka ba. Ni lafiya, jarrabawa ce ta sa ni a gaba.

Tun takardata ta Fabrairu ban ji daga gare ki ba, in ban da kiran gaisuwar nan, na ɗauka kin amince ne, don na san ki, da ba ki yarda ba da tuni kin wanke ni tas.

Yaya, an nuna fim ɗin. Da ma kina wurin. Da tulin ya fito mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Wata Hajiya da ke kusa da ni kuka ta yi da Iya Saude ta ce bayanta ya riga ya saba, miƙewa ce take yi mata ciwo. Na faɗi sunayenku ɗaya bayan ɗaya, na ce ku kuka ɗauka da hannunku. Maganar inji sun ce za su duba.

Da na dawo na zauna na ce ba daidai ba ne baƙi su gan ku, mutanen gida ba su gan ku ba. Da na je Rano ƙarshen mako sai na ba wa masu tura finafinai a waya na bakin tasha, na kuma aika wa na kasuwar Kibiya. Na ce su tura wa kowa kyauta. Ina so duk wanda yake wuce ku a hanya ya san da wa yake gaisawa. Wannan ita ce tsarabar sallarki.

Ƙanwarki,
Zulaiha

*

Durba
28 ga Afrilu, 2024

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. An yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana. Malam yana nan.

Tsarabarki ta iso, ta ma riga takardarki isowa. Da na karanta inda kika ce ba ki ji daga gare ni ba, na yafa mayafi na tafi wajen Ɗayyabu. Ashe motarsa ta buga inji a Rano tun ranar da na ba shi saƙon, ta yi wata biyu a gareji, takardata tana cikin aljihun mota tare da sifanu. Ga ta nan na haɗo miki, da tabon baƙin mai a jiki. Ki karanta ta kafin ki ci gaba da wannan. Na so in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan fara, don taimakona yake yi.

Kafin salla duk Durba ta gani. A majalisa, a wajen mai shayi, a ƙofar masallaci. Ranar Laraba ina dawowa daga sayen maganin Malam sai ga Alhaji Muntari a kan babur. Ya tsaya. Ya kalle ni, ya kalli kwanon da ke kaina, alhali ba komai a ciki sai kuka da daddawa.

Ya ce, “Hansatu, sannu da ƙoƙari. Mun gan ku a waya.”

Na ce, “Alhaji, wasan yara ne.”

Ya ce, “A'a, ba wasa ba ne. Ni dai Allah ya sani ban ji haushi ba. Amma yaran nan sun zaunar da ni. Sagiru cewa ya yi, Baba, muna kukan tsadar taki, ashe buhu goma sha tara muke barwa a ƙasa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na gonaki ashirin da wani abu ne, na wata uku.”

Ya ce, “Na sani. Amma ɗorawata ce ta fito.” Ya ta da babur ɗinsa, bai ko tambayi jikin Malam ba, ina ganin mantuwa ya yi.

A majalisa yanzu wasu yabonsa suke, wasu suna yi masa dariya wai 'yan ƙwadago sun mai da shi sakarai. Duka biyun ba ya so. Iya Saude kuma ɗanta Musbahu da yake Legas ya gani a zauren 'yan Kibiya na waya. Ya kira ta yana kuka, ya ce abokansa sun ga uwarsa tana tsintar ƙasa, ya haɗa ta da Allah kada ta sake shiga gonar kowa, shi zai riƙa aiko mata. Sadiqa ta dawo daga Islamiyya ta ƙi cin abinci, wai ana kiranta 'yar tsuntsuwa.

Malam ma wani ya kawo masa. Ya san ina kala, shi yake cin tuwon, amma bai taɓa gani da idonsa ba. Ya kalla har ƙarshe, ya yi alama a maimaita, ya sake kalla, sannan ya juya fuskarsa ga bango. Kwana biyu bai ce miya ba gishiri ba.

Raina ya ɓaci da ke, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni na hau turmin. Yanzu ba abin yi sai jiran kaka, mu ga abin da za ta zo da shi.

Hansatu

*

Zariya
12 ga Mayu, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam, in zai amsa gaisuwata.

Na karanta duka biyun. Ta Fabrairun na ajiye ta a gabana, ban iya shiga aji ba ranar. Tun a takardar farko kin ce a cire, ni na zauna na fassara miki zuciyarki, na ce kunya ce. Ba Ɗayyabu ba ne, ni ce. Ki yafe min.

Na kira masu tura finafinai na Rano da na Kibiya na ce su goge. Na Kibiya ya ce ya goge nasa, amma in zan iya bin wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya har Legas, bisimilla. Na je ofishin ƙungiya a Kano. Sun zaunar da ni, sun ba ni ruwa, sun ce abin bai yi musu daɗi ba, amma shirin Kibiya ya ƙare tun Afrilu, baɗi wata ƙaramar hukuma za su. Da na ta da maganar inji sai aka ce babu shi a tsarin.

Ki ba ni izini in zo in durƙusa wa Alhaji Muntari da 'ya'yansa, in faɗa musu ni na ce a tara buhunan wuri ɗaya don hoto ya yi kyau. Ba zan zo ba sai kin ce in zo, na daina yanke miki hukunci.

Zulaiha

*

Zariya
20 ga Agusta, 2024

Yaya Hansatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata uku ke nan. Na tambayi Ɗayyabu, ya rantse hannu da hannu ya ba ki. Ya ce kuna lafiya, ruwa yana sauka sosai, masara ta yi kyau. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko na faɗa ne.

Zulaiha

*

Durba
30 ga Nuwamba, 2024

Zulai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Malam ya yi zazzaɓi a Satumba, ya tashi. Ba gaba nake yi da ke ba. Damina ce, ina fita cirar ciyawa a gonakin mutane in dawo hannuna ba ya riƙe biro. Zuwa wajen Alhaji kuma na ga ba amfani, tunda duk maganar da aka ƙara yi a kan abin nan ƙara kashe shi take. Na yafe miki tun tuni.

Kaka ta zo, an samu albarka, kowa ya shaida. Ranar da na ji Alhaji ya kwashe shinkafarsa na bari aka kwana biyu, kamar kullum, na ɗauki kwanona na tafi. Na tsaya a gindin ɗorawa. Zulai, kamar an bi gonar da tsintsiya. Sagiru ya shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin wurin bugu, ya sa an sake bugun karan shinkafar sau biyu, matan gidan da jikoki sun bi sun tsince abin da ya rage, shanu kuma tun yammacin ranar aka sake su. Na zagaya har na gaji, abin da na samu bai rufe gindin kwano ba.

Na ce to, gona ɗaya ce. Amma kowa ya ga abin da gidan Alhaji suka yi, ba wanda yake so a ce shi ne sakaran. Har waɗanda ko kusa da gonarsu ba mu je da waya ba. Wani manomi, Malam Dalhatu, shi ya ce mu shiga, amma in mun fito a raba biyu da shi, kuma ɗansa yana zaune a bakin gona yana jira. Mun yi kwana ɗaya muka bari.

Alhaji ba mugu ba ne, abin ya dame shi. Ranar wata Juma'a ya aiko a kira mu, mu goma sha ɗaya, bayan an sauko daga masallaci. Muka jeru a ƙofar gidansa, mutane suna wucewa suna kallo, aka auna wa kowa kwano uku na masara. Sagiru yana gefe yana ɗaukarmu a waya, don a ga ba su hana talaka ba. Ya tsaya rana tana dukan fuskar wayar. Wallahi saura kaɗan in ce masa ya juya ya ba rana baya. Na durƙusa na yi godiya, muryata ta fita sarai, kin koya min yadda ake magana a ji.

Mu goma muka je. Iya Saude ta ce ita ba ta taɓa roƙo ba, ba za ta fara da furfura ba. Aiken Musbahu sau biyu ya zo. Makon jiya ya zo da kansa ya tafi da ita Legas, ya ce can zai fi iya riƙe ta. Tana shiga mota tana tambayata ko a can ana noma.

Abin da na tara bana, har da kwano ukun Alhaji, bai kai rabin buhu ba. Bara ɗaya da rabi. Na fara auna tuwo sau ɗaya a rana tun yanzu, ga damina da nisa.

Yayarki,
Hansatu

*

Zariya
15 ga Disamba, 2024

Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Na gode da kika rubuto, na gode da yafiya, ko da yake ban cancanta ba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na ba Ɗayyabu 'yar masara da wake daga abin da Inna ta aiko min, kada ki mayar.

A cikin ambulan akwai takardar yabo. Fim ɗin ya zo na biyu a wata gasa ta ɗalibai, na sa an rubuta sunanki a kai. Na rasa ko in aiko ko in yaga, sai na ga ba ni da ikon yaga abinki.

Kullum ina tunanin yadda zan gyara. Ina da hutu a Janairu, kuma yanzu ina da kyamara tawa. Mu yi fim na biyu, Yaya, a kan abin da ya faru bayan na farko. Wannan karon ku za ku zauna ku tace da kanku, abin da kuka ce a cire ya ciru. In mutane suka ga gonakin a share, suka ji labarin Iya Saude, dole jikinsu ya yi sanyi. Shin ba ko manomi ɗaya da bai canza ba? In akwai, ki faɗa min sunansa, da shi za mu fara, mu nuna shi a matsayin abin koyi, ko sauran sa ji kunya su dawo.

Ƙanwarki,
Zulaiha

*

Durba
12 ga Janairu, 2025

Ƙanwata Zulai,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka, ki yi wa Inna godiya. Ban mayar ba, ba ni da wannan ƙarfin bana. Malam ya ci waken, ya ce a gaishe ki da bakinsa. Takardar yabo na sa ta a ƙasan akwati tare da katin asibitinsa. Sadiqa ta karanta min sunana sau biyu, na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba.

Kin tambaya ko akwai wanda bai canza ba. Akwai, mutum ɗaya. Tsoho ne, ba shi da waya, idonsa ma ba ya gani sosai. Gonarsa ƙarama ce, dawa kawai yake yi, tafiya ce mai nisa a ƙasa. Mu huɗu muka sani. Mun je ƙarshen Disamba, muka tarar an bar zangarniya nan da can, wasu ma a jingine da kara, inda iska ba ta ajiye abu. Kwano biyar-biyar muka samu. Muna dawowa muka haɗu da shi a 'yar hanya, kwanukanmu a rufe. Ya tsaya, ya ɗaga kai yana duban sama, ba ko gajimare. Ya ce, “Ya mai jiki?” Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara afuwa, ya wuce da sandarsa. Na zauna a bakin hanya na yi kukan da ban yi ba duk shekarar nan, matan suka tsaya suna jirana.

Kwano biyar ba zai kai mu ko'ina ba. Tsohon kuma ya kusa, 'ya'yansa duk suna da waya, sun gani, albarkacinsa kawai suke bari. Baɗi ko baɗin baɗi ita ma za a share ta.

Kin ce in faɗa miki sunansa. Zulai, ina sonki, kuma na san zuciyarki fara ce, tun farko ma fara ce. Ba zan faɗa miki ba. Ba zan ce miki gabas ne ko yamma ba, kuma kada ki tambayi Ɗayyabu, bai sani ba. Wannan takardar ma in kin karanta ki sa ta a murhu.

In kin yi hutu ki zo, ɗakina ɗakinki ne, za mu ci abin da ya samu. Kyamarar ki bar ta a Rano.

Yayarki,
Hansatu